In cire 'ya'yana daga makarantar gwamnati in koyar da su a gida? Kuma wane tarihi zan koya musu?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Jos. Babbar tana da shekara 11, tana aji biyar a firamaren gwamnati, mai bi mata shekararsa 8, autan kuma bai isa shiga makaranta ba. Ajin babbar ya cika maƙil har wasu a ƙasa suke zama, ga yajin aiki, kuɗin makarantar kuɗi kuma ya fi ƙarfinmu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na tambaye ta wane ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta ce mini sunan jami'a ne. Yayata da ke zaune a Amurka tana koyar da 'ya'yanta a gida, har ta aiko mini da littattafan tarihi na shekara huɗu da suke amfani da su. Ina da takardar NCE, kodayake ban taɓa koyarwa ba. Maigidana ya ce ya bar mini zaɓi, surukata kuwa ta ce ba ta yarda ba. Shin in cire su? Idan na cire su, littattafan nan sun dace da su?

Uwar 'ya'ya uku, Jos

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki da kyau, kuma abin da na fara lura da shi shi ne tambayoyi biyu ne kika ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko ita ce wane tarihi ya kamata 'ya'yanki su sani, ta biyu kuma ita ce a ina ya kamata su yi wuninsu na karatu. Ina tsoron kada zafin amsar da 'yarki ta ba ki ya sa ki yanke hukunci a kan makaranta ɗungurungum, alhali giɓin da kika gano ana iya cike shi ba tare da an raba yaro da ajinsa ba. Ra'ayina shi ne ki bar su a makaranta, ki ɗauko darasin tarihi ki kawo shi gida ki riƙe shi da hannunki, kuma ki fara shi daga ƙofar gidanku.

Da farko, kada ki ga laifin yarinyar, kada kuma ki ɗora wa malaminta duka laifin. Tun daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare a ƙasar nan, aka tsinko ɗan abin da aka tsinko aka cusa cikin darasin zamantakewa. Masana tarihi, musamman ƙungiyarsu ta ƙasa da aka kafa a Ibadan tun 1955, sun shafe shekaru suna kiraye-kiraye, har aka yi bikin dawo da darasin a Abuja a watan Nuwamba na 2022, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da cewa ya zama dole daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. To amma sanarwa daban, malami a gaban allo daban. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2009 yana ɗan shekara shida, yau ya isa ya riƙe alli ya koyar, ke nan akwai matasan malamai da su kansu ba su taɓa zama a ajin tarihi mai zaman kansa ba. Wannan giɓi bai bar makarantun kuɗi ba, don haka ko da kuna da halin biya, ba lallai ne amsar 'yarki ta sauya ba.

Mu dawo kan littattafan yayarki, domin a nan ne maganar take da nauyi. Kada ki raina kyautarta. Tsarin da ta aiko miki sananne ne a wurin masu koyarwa a gida a Amurka: ana raba tarihin duniya kashi huɗu, daga zamanin da can, zuwa tsakiyar zamani, zuwa farkon zamanin nan, zuwa yau, a ba kowane kashi shekara guda, idan an kai ƙarshe a sake dawowa farko da zurfin da ya dace da shekarun yaro. Akwai hikima a ciki. Yaro yana jin tarihi a jere kamar labari, ana sa shi ya maimaita abin da ya ji da bakinsa, ana kuma haɗa masa kowane labari da taswira. Waɗannan dabaru uku ki ɗauke su ki riƙe.

Matsalar ita ce kowane littafin tarihi yana da inda ya tsaya yake kallon duniya, kuma waɗannan an rubuta su ne domin yaron da Girka da Rum da Ingila da Amurka su ne asalin labarinsa. Kafin ki miƙa wa yaranki ko ɗaya, ki zauna da dare bayan sun kwanta, ki buɗe shafin abubuwan da ke ciki, ki ƙirga babi nawa ne suka shafi Afirka ban da Masar, ki kuma duba a wane matsayi muka fito: a matsayin mutane masu sarauta da kasuwa da malamai, ko kuwa sai ranar da jirgin bayi ya iso gaɓar teku? Daga nan ki karanta babin da ya yi magana a kan zuwan Musulunci, da na yaƙe-yaƙen da aka yi a kan Ƙudus, da na mulkin mallaka, daga farko har ƙarshe. Da yawa daga littattafan masu koyarwa a gida a can kamfanoni ne masu alaƙa da coci suke wallafa su, suna kuma faɗin haka a fili, domin iyalan da suka yi niyya da su ke nan. Wannan haƙƙinsu ne, ke kuma haƙƙinki ne ki san da wace murya ake yi wa ɗanki magana. Da uwa Kirista ce ta rubuto mini an aiko mata da littafi daga wata ƙasar Larabawa, shawarar da zan ba ta ke nan.

Bari in nuna miki bambancin da misali ɗaya. Littafin yayarki zai ba da labarin Yaƙin Duniya na Biyu ta harin da Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka a 1941 da saukar sojojin ƙawance a gaɓar Faransa a 1944. Duk gaskiya ne. Amma yaron Jos yana da ƙofar shiga wannan yaƙi da ta fi kusa da shi. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar hanyar da Ingila take samun kuza, sai Turawan mulki suka juyo kan tsaunukan Filato, suka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas a ramukan kuza har zuwa 1944, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. A daidai wannan lokaci kuma ana ɗibar samarinmu zuwa dazukan Bama. Ramukan nan da ruwa ya cika, waɗanda yaranki suke hangowa ta tagar mota a hanyar Bukuru da Barikin Ladi, ragowar aikin kuza ne na shekaru masu yawa, kuma wannan yaƙi yana cikin labarinsu. Yaron da ya fara daga ramin da ya gani da idonsa, ya bi zaren har Malaya da Landan, ya koyi tarihin duniya, kuma ya san yana da wuri a cikinsa.

Don haka ga yadda zan tsara in ni ne ke. Ƙashin bayan karatun ya zama manhajar tarihi ta NERDC, wato hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, wadda ofishinta yake Sheda a Abuja, domin ita ce makarantu suke bi, a kanta kuma ake gina jarrabawa. Ki nemi shugaban makarantar yaranki ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma su nuna miki ita, sannan ki sayi littafi ɗaya da aka rubuta bisa tsarinta. Manhajar za ta gaya miki abin da za a sani, sai dai ba za ta sa yaro ya so shi ba, kuma a nan ne aikinki yake. Littattafan Amurka kuwa ki mayar da su na ƙari, ki riƙa ɗauko babin Masar ko Sin ko Rum idan lokacinsa ya zo.

Allah ya ba ki gari mai sauƙin koyar da tarihi. Gidan tarihi na ƙasa da ke Jos an buɗe shi tun 1952 a ƙarƙashin wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, kuma yana cikin mafiya daɗewa a Najeriya. Ki kai su wata Asabar da safe, ki tsayar da su gaban kawunan yumɓu na Nok, ki ce su kalli idanun nan masu kusurwa uku da hudar da ke tsakiyarsu, da yadda aka yi wa gashin kitso, sannan ki gaya musu cewa hannun da ya murza wannan yumɓu ya riga mu da fiye da shekara 2,000. Ki ba su labarin yadda masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a kusa da ƙauyen Nok a 1928, da yadda a 1943 wani kai da aka samo a yankin Jama'a ya iso hannun Fagg bayan an yi amfani da shi a matsayin mutum-mutumi a wata gona. Kada ki yi saurin ba su amsa. Ki tambaye su: ta yaya aka san shekarunsa, tunda mai shi bai bar rubutu ba? Yaron da ya saba tambayar ta yaya aka sani ya samu abin da ya fi haddar shekaru amfani. A kusa da wurin akwai filin gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, kuma daga gindin wannan katanga za ki iya buɗe musu labarin Muhammadu Rumfa da zuwan Shehu Magili Kano a ƙarni na 15.

A gida kuma, ki ɗaura igiya a bangon falo kamar ta shanya, ki riƙa maƙala mata ƙananan katuna da yaran suka rubuta da hannunsu: hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, faɗuwar Alƙalawa a 1808, rasuwarsa a 1817, shigar Turawa Kano da Sakkwato a 1903, haɗe Kudu da Arewa a 1914, wadda ita ce kuma shekarar da ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso ƙasar kuza, samun 'yanci a 1960, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ƙirƙiro Jihar Filato a 1976. A tsakanin waɗannan ki maƙala shekarar da aka haifi kakarsu, da shekarar da kakansu ya sauka a Jos, da shekarar aurenku. Zama biyu a mako ya isa, kuma yammacin Alhamis da Juma'a da ba a zuwa Islamiyya ya dace da shi. Ki yi bayanin da Hausa, a yi rubutun da Turanci saboda jarrabawa.

Yanzu ga dalilin da ya fi ƙarfi a zuciyata na cewa ki bar su a makaranta, kuma dalili ne da ya shafi tarihin kansa. Ke shaida ce cewa a garin nan labarin baya yana da baki fiye da ɗaya. Jihadin da ɗan Sakkwato yake jinsa a matsayin gyaran addini da kawar da zalunci, akwai al'ummomi a kan tsaunukan nan da kakanninsu suka ba su labarinsa a matsayin zamanin hare-hare daga ɓangaren Bauchi da yadda suka kare kansu a cikin duwatsu. Maganar wa ya kafa Jos ma, Bahaushe da Birom da Anaguta da Afizere kowa yana da abin da ya gada daga iyayensa. Mun ga inda rashin sauraron juna ya kai mu a watan Satumba na 2001, da 2008, da 2010, mun kuma ga yadda unguwanni suka rabu daga baya, kowa ya koma cikin nasa. Na koyar a aji shekaru masu yawa, kuma ban manta ranar da wani ɗalibina ya ɗaga hannu ya ce kakarsa ba haka ta gaya masa ba, ajin ya yi tsit, muka ajiye littafi muka saurare shi. Abin da abokansa suka koya a wannan rabin sa'a ban isa in koya musu shi ni kaɗai ba. Idan har ajin 'yarki yana da yaran da ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, suna cin gyaɗa tare a lokacin tara, to tana samun abin da falonki ba zai iya ba ta ba, duk iya ƙoƙarinki. Idan kuma makarantar ta zama ta ɓangare ɗaya kamar yadda wasu suka zama, to nauyi ya ƙaru a kanki na ki kawo mata ɗaya labarin da adalci, ba tare da kin rage darajar naki ba.

Akwai kuma maganar doka da takarda, wadda yayarki ba ta fuskanta. A Amurka koyarwa a gida halal ce a dukkan jihohi, kowace jiha da ƙa'idojinta, a Jamus kuwa an hana. A nan, dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta ɗora wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala, ta tanadi gargaɗi a karon farko, sannan tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, sannan naira 5,000 ko wata biyu, ba ta kuma buɗe wata hanya ta yi wa mai koyarwa a gida rajista ba. Tarar ba ita ce abin damuwa ba. Abin damuwar shi ne jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake yin rajistarta, tare da makin da yaro ya tara a aji. Gaskiya ne daga baya WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, JAMB ma ba ta tambayar a wane ɗaki ka yi karatu, amma tsakanin nan da can akwai shekaru shida ko bakwai na lissafi da kimiyya da ɗakin gwaje-gwaje, a wuyan mace ɗaya mai girki da reno da hidimar dangi. 'Yarki saura mata shekara ɗaya ta kammala firamare, kuma wannan shi ne mafi munin lokacin cire ta.

Ban ce koyarwa a gida baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta ilmantar da mata masu yawa a ƙauyuka ta hanyar 'yan taru, jajoji, wato matan da ke jagorantar rukunonin, suna ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa mata har cikin gidaje. Sai dai ki lura da sunan: taruwa ake yi. Ban kuma ce babu halin da zan goyi bayan a dawo da yaro gida ba. Idan hanyar makaranta ta zama hatsari, ko ana cutar da shi a can, ko rashin lafiya ta hana shi zama a aji, ko yajin aiki ya ƙi ƙarewa, to gida ya fi, amma ko a nan ki bar sunansa a rajistar makaranta da sanin shugabanta, ki kuma haɗa kai da gidaje biyu ko uku a raba darussa.

Cunkoson ajin kuwa ban ɗauke shi wasa ba, kuma akwai gwajin da nake so ki yi a wannan makon. Ki ba babbar shafi ɗaya na littafin da ba ta taɓa gani ba, ta karanta a bayyane, ki rufe littafin ta gaya miki abin da ta fahimta. Ki ba na biyun sakin layi ɗaya da lissafin haɗawa da ɗebewa. Idan sun yi, to makarantar tana aikinta fiye da yadda kike tsammani. Idan sun kasa, to wannan ya fi rashin sanin Shehu gaggawa, kuma rabin sa'a kullum na karatu tare da ke zai fi musu komai amfani a yanzu, domin wanda bai iya karanta shafi ba babu manhajar tarihin da za ta yi masa rana. Ki kuma riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ki tambaya a fili ko ana koyar da tarihi da kuma wa yake koyar da shi. Mai takardar NCE ba baƙuwa ba ce a irin wannan zama.

Game da maigida, ki gode masa da ya ba ki girma, amma ki roƙe shi kada ya sakar miki ragamar ke kaɗai, domin hukuncin da ya shafi makomar 'ya'ya idan mutum ɗaya ya yanke shi, shi kaɗai ake tuhuma ranar da abu ya karkace. Fitar Asabar ɗin nan ta zama tasa ce, shi zai kai ku, shi zai riƙe hannun autan idan kun je kallon ramukan kuza, kuma a tsaya nesa da bakin ruwan, domin suna da zurfi ƙwarai.

Surukarki kuma, ina ganin ƙin yardarta tsoro ne kada a killace mata jikoki, kuma tsoron yana da tushe. Ki je ki same ta da kanki, ki ce, Hajiya, mun bar yaran a makaranta, amma muna roƙon ki zama malamarsu ta farko a tarihi. Ranar Alhamis mai zuwa ki shimfiɗa tabarma a ɗakinta, ki ba babbar 'yarki wayarki ta ɗauki murya, na biyun ya riƙe littafin rubutu. Su tambaye ta daga wane gari iyayenta suka taso, me ya kawo su Jos, da ƙafa suka zo ko a jirgin ƙasa, a wace unguwa suka fara sauka, su wane ne maƙwabtansu na farko, da wane harshe suke gaisawa, kuma nawa ake sayar da mudun acca a shekarar da aka yi mata aure. Abin da ta faɗa su rubuta shi a katin farko, ita da kanta ta maƙala shi a jikin igiyar.